Jajen Hotunan Bikin Yaya Hauwa

Tun da na koyi ba kwamfuta umarni a baƙin allo, na raina masu taɓa linzamin kwamfuta. Da Yaya Hauwa ta zo daga Wara ganin hotunan bikinta da ta ba ni ajiya, na gyara zama na rubuta ls, umarnin da ke jero abin da ke cikin folda.

Bai nuna komai ba.

"Yaya, sun tafi," na ce a hankali, "kamar hazon safiya bisa tafki."

Ta fashe da kuka, maƙwabta suka shigo jaje. Har baitocin rarrashi na tsara mata.

Washegari na gane wata folda daban na leƙa. Hotunan suna nan lafiya lau.

Yanzu ko ludayi ne ya ɓace, sai Inna ta dube ni ta ce, "Ku duba ɗayan ɗakin kafin malama ta fara waƙa."