Haƙorin Makka a Bakina

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da shekarar da gwamnati ta soke kwangilar likitocin haƙori ba, don a shekarar ce saura kaɗan aurena da Mairo ya wargaje a zauren mahaifinta.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina ƙaramin ma'aikaci a disfensaren Makarfi, aikina wanke gyambo da raba ƙwayar zazzaɓi, amma yadda nake ji da kaina sai ka ce ni ne babban likitan Arewa. En'e, wato hukumar gargajiya, tana da kwangila da wasu kwarori biyu, baƙi daga ƙasar waje, da suka haɗa gwiwa suka buɗe kamfanin gyaran haƙori a Zariya. Sukan zo da motarsu da wata kujera mai kwanciya, su zagaya Makarfi da Kudan da Ikara, su cire na cirewa, su auna bakin mai son haƙoran roba, sai zagaye na gaba su kawo masa. Ni ma sun auna nawa. Haƙorana na gaba na sama a hanyar Kudan na bar su, ranar da na saki kan keke don in burge 'yan mata masu tallar rake (ban burge kowa ba).

Kwatsam sai labari ya zo cewa an soke kwangilar, gwamnati za ta turo likitocinta 'yan ƙasa. Zo ka ga murna a wurina! Na bi kasuwa rumfa-rumfa ina yi wa mutane bayanin cewa yanzu ne 'yanci ya tabbata, iska tana fita ta giɓina kamar ana kiran kaji. Ko sau ɗaya ban tuna cewa haƙorana suna hannun mutanen da nake murnar korarsu ba.

Da suka zo kwashe kayansu ransu a ɓace yake. A da su ne ke saka wa kowa nasa, su goge inda ya matse. Ranar kuwa sai suka juye duk haƙoran da suka haɗa cikin tasar ruwa, suka ce kowa ya zo ya gwada nasa. Suna ɗora kujerar a mota ina yi musu tafi, sannan na ruga wurin tasar kafin kowa ya ji labari.

Ina laluba sai ga wasu na gaba na sama, daidai irin waɗanda na rasa, ɗaya daga ciki na zinariya ne yana ɗaukar ido. Na san sarai haƙorin Makka na wanda ya je aikin hajji ne. Amma nan take na shawo kan kaina cewa kyautar ban kwana ce kamfani ya yi wa ma'aikaci (ma'aikacin da ya gama yi musu tafi, ka ji fa). Sun ɗan yi mini yawa, amma in na danne da harshe sai su zauna. Kafin mako ya zagayo 'yan kasuwa sun fara ce mini Alhaji. Ban amsa ba, ban kuma musa ba, murmushi kawai nake yi, mai faɗi.

A tsakanin nan ne mahaifin Mairo, wani Alhaji malami a Dandamisa, ya aiko cewa yana so ya gan ni da idonsa kafin a sa rana. Kawu Sale ne ya raka ni, tun a hanya yake ja mini kunne in sunkuyar da kai in riƙe bakina. Muka tarar da zaure cike da dattawa, Alhaji a tsakiya ya ja amawalin rawaninsa ya rufe baki. Na ce a raina, ka ga kwarjini.

Muka gaisa, muka sake gaisawa, komai lafiya lau. Sai wani dattijo ya tambaye ni ko gaskiya ne an sallami masu haƙori. Shi ke nan, an taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Na ɗaga kai na shiga lacca a kan 'yanci da kishin ƙasa, Kawu yana zungurina ina ƙara murya, na rufe da murmushin nan nawa daidai inda hasken ƙofa yake shigowa.

Alhaji ya ƙura wa bakina ido, sannan ya ce:

"Yaro, wace shekara ka sauke farali?"

"Ban je ba tukuna, Baba."

"To, wannan haƙorin ya riga ka zuwa. Tare muka dawo da shi."

Ya sa yatsa ya sauke amawalin, sai ga giɓi irin nawa sak. Ashe haƙoransa na roba ne suka tsage ya ba kwarorin su gyara, ya kuma aika disfensare aka ce an duba tasar ba a gani ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na juya baya na zare su, na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu, yawu yana bin yatsuna. Ya ce a kai cikin gida a wanke da toka sosai. Kawu Sale ya kafa wa rufin zaure ido kamar bai taɓa ganin azara ba. Can ciki mata suka fashe da dariya, kuma na gane muryar Mairo a ciki, ita ce ta fi ta kowa tashi.

Da dattawa suka gama share hawayen dariya, Alhaji ya ce bai hana ni 'yarsa ba, amma ba za a sa rana ba sai na dawo da haƙora nawa na kaina.

Nawa kuwa wani mahauci a Ikara ya ɗauke su, ya rantse don bakinsa aka yi su. Likitan gwamnati shiru, kullum yana hanya. Ƙarshe dai ni da kaina na hau mota zuwa Zariya, aka ce kwarorin sun koma Kano, na bi su can ina ba da haƙuri. Babbansu ya dube ni ya ce ya shaida ni, ba ni ne mai tafi ba? Ya auna bakina ya ce in dawo bayan damina. Sai da aka gama girbi aka ɗaura mana aure.

Har yau ina son 'yanci, ban fasa ba. Amma in na ji za a sallami wani daga aiki, sai na fara duba ko akwai abina a hannunsa kafin in tafa.