Kakan Bature Mai Rigar Leshi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gyara wa Bature Hausarsa a Riyad ba. Lokacin kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, ya rufe shagonsa na unguwar Al-Murabba, iƙamata kuma, takardar izinin zama, saura ƙiris ta mutu. In ban sami wanda zai karɓi kafalata ya tsaya mini ba, sai dai in tattara in koma Kano hannu rabbana, kuma tsoron hakan ya hana ni sakat. Wani abokina ya haɗa ni da wani injiniya Bature a unguwar Ulaya da ake nema wa direba. Ya ce mutumin yana taɓa Hausa, don danginsa sun zauna a Zariya zamanin mulkin mallaka.

Na sha shadda, na yi wanka da turare, na tafi. (Direba ake nema, ni kuwa shigar ɗaurin aure na yi.)

A falonsa na ga wani tsohon zanen fenti a bango: yarinya fara sol, gashi a nannaɗe har kafaɗa, doguwar rigar leshi, 'yar bulala a hannu, ga ganuwar Zariya a bayanta. Ya ga na ƙura ido, ya yi murmushi ya ce, "Kakana ne."

Nan fa malantata ta motsa. Na ce a raina bari in nuna masa cewa in ya ɗauke ni, direba da malamin Hausa ya samu a mutum ɗaya.

"Ranka ya daɗe, kakata ake cewa. Kakana na namiji ne."

Ya sake cewa kakana. Na sake gyara masa a hankali, gaɓa-gaɓa, yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Da ya yi shiru na ɗauka karatu ya shiga, sai na ƙara wuta. Na bayyana masa cewa a wajenmu kaka matar jika ce ta wasa, kuma tunda tasa ta haɗu haka, ya yi haƙuri, ni na ƙwace. Har na juya na kashe wa zanen ido, na ce amarya ta fara shiri. (Ina ma a nan bakina ya mutu.)

Sai Baturen ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya fito da hoton wani ƙaton soja mai gashin baki kamar ƙahon bijimi, ya miƙo mini.

"Ga amaryarka bayan ta girma."

Ya yi mini bayani cewa a zamanin can haka Turawa ke sa wa ƙananan yara maza riguna irin na mata har su tasa, kuma haka masu zane ke zana su. Bulalar nan ma alama ce ta namiji. Da mace ce, fure za a ba ta. Sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na kaɗawa, amma shaddata ta jiƙe sharkaf da gumi. Kunya ta rufe ni, na kalli sojan, na kalli leshin, sai ji na yi na ce, "Allah ya jiƙan maza."

Aikin dai na samu, kuma ina zargin don ya sami abin dariya ne. Kullum da safe kafin ya shiga mota sai ya sanar da ni, da Hausa tsantsa, cewa amaryata ta kwana lafiya. Tun daga lokacin, in na ji baƙo ya yi kuskure a Hausa, nakan kama bakina sai na ga hoto na biyu.