Yadda Za Ki Gyara Wa 'Yarki Amfilifaya Ba Tare Da Ta Roƙe Ki Ba

"Mama, ya ƙi tashi da sauri! Gobe malamai za su gwada shi, in bai yi ba sai na maimaita shekara."

Haka Auta, mai karatun lantarki, ta ce wa uwarta, maƙwabciyata, tana dafe da kai a gaban wani koren faranti mai wayoyi. In ke ma Allah ya ba ki irin wannan 'ya, matso kusa. Bi abin da maƙwabciyata ta yi, in sha Allahu na'urar za ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba.

1. Gyaɗa kai

Za ta ce miki sunan abin amfilifaya, aikinsa ƙara wa sigina ƙarfi. Za ta ce ciwon "sulu ret" ne, wato iyakar saurin da wutar ke iya hawa ko sauka. Ki ce, "Ai tun daga bakin ƙofa na ga alama." Kar ki yi tambaya. Ke kika haife ta.

2. Yi wa wayoyin faɗa

Wayoyi biyu ne ke fitowa daga farantin. A gilashin wata 'yar talabijin za ki ga layi biyu, in wannan ya hau, wancan sai ya sauka. Auta ta ce haka aka yi su, tazarar da ke tsakaninsu ita ce aikin.

"Ciki ɗaya suka fito amma kowa ya kama gabansa?" in ji uwar. "Sak ke da yayanki. Allah ya shirya."

3. Gano mai laifi

Auta ta nuna wani ɗan abu kamar ƙwayar wake. "Kafasita kenan, Mama. Sai wuta ta cika ta kafin layin ya hau. Kamar bokiti ne a ƙarƙashin famfo mai ɗiga."

"To a cire bokitin mana!"

"Mama, don girman Allah kar ki taɓa."

Ki riƙe wannan: in yaro ya ce kar ki taɓa, nauyin roƙonki yake ji.

4. Aike ta sayen sabulu

Tana fita, ki yi bismilla, ki ɗauko abin yanke farce, ki datse waken nan, ƙyas! Sai ki share ɗakin tas, ki miƙa wa mai kwasar shara tun bai wuce ba. Aikin alheri ba a barinsa da datti.

5. Zauna ki jira godiya

Auta ta dawo, ta kunna. Layukan nan suka hau tsalle kamar an zuba musu ruwan zafi, lasifika ta ƙwalla ƙarar da ta kori magen gidan ta taga.

"Kin ga gudu ko?" in ji uwar, tana gyara ɗankwali.

"Mama, ina kafasitata?"

"Na sallame ta."

"Ita ce fa ke hana shi hauka! Famfon ake buɗewa, ba bokitin ake jefarwa ba!"

To da me ya hana ta faɗa? 'Yan boko kenan, rabin magana sai bayan an gama aiki.

Ni dai Allah ne shaidata, shawara na bayar. Kuka, ƙaurin wuta, 'yar da ta daina amsa sallamarki, duk ba hannuna. Shagon kayan lantarki ma ba ni na rufe shi ba.

Yanzu haka maƙwabciyata na tsaye a ƙofata, ta ja mayafi, tana magana ƙasa-ƙasa:

"Maman 'yan biyu, maigidanki ya fita? Don Allah ɗan ara min rediyon nan nasa. Wake ɗaya tak zan cire."