Barau Tirela da Giyar Rana

Wani mutum ne a Malumfashi ana ce masa Barau Tirela. In dai a baki ake tuƙi, to kaf ƙasar nan babu direba kamarsa. Amma gaskiyar magana, kamasho ya yi a tasha shekara bakwai, yana ihun "Funtuwa mutum ɗaya!" Sitiyari kuwa bai taɓa riƙe shi mota na tafiya ba. Ya dai iya tayar da injin, don direbobi kan aike shi ya ɗuma musu mota da safe.

Majalisarsa garejin Malam Iliya makanike, wani dattijo marar son hayaniya. Ran nan Malam Iliya ya kwance giyabos ɗin wata tsohuwar akori-kura, yana nuna wa mai motar cikinsa.

"Ka ga waɗannan ƙarafa masu haƙora? Injin gudu gare shi, amma shi kaɗai ba zai tayar da mota daga tsaye ba. In ƙaramin nan ya juya babban, gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Giya ɗaya ke nan, ta tashi da hawan tudu. In mota ta miƙe, sai a koma masu gudu. Kulochi kuwa shi ke raba injin da giya kafin a canza, don kada haƙora su ci juna."

Barau ya yi tsaki. "Malam Iliya, wannan ai karatun 'yan koyo ne. Mu da muka ja tirela mai giya goma sha takwas! Akwai ranar da giyabos ya tarwatse mini a Hawan Kibo, da siminti buhu dubu. Na zare mazagin wandona na ɗaure shi tamau. Har Jos ban tsaya ba."

"To wandon fa?" in ji mai motar.

"Da hannu ɗaya na riƙe shi, ɗayan na kan sitiyari."

"Giyar kuma wa ke sa ta?"

"Da gwiwa!"

Malam Iliya ya ci gaba da wanke ƙarafansa da kananzir.

Ana nan sai labari ya bazu cewa Hajiya Gambo mai injin casar shinkafa ta sayi mota, tana neman direba. Albashi mai tsoka, ga ɗaki, ga tuwon shinkafa safe da yamma. Barau ya ji yawunsa ya tsinke. A ransa ya ce ai tuƙi ba wani abu ba ne, shekara bakwai yana kallon ƙafafun direbobi. Ya aro hula da baƙin tabarau, ya nufi wurin injin da rana tsaka. 'Yan majalisa suka ɗungumo bayansa don su ga gwani. Malam Iliya ma yana can, Hajiya ta kira shi ya duba mata lafiyar motar.

Ga mota fara fes tana sheƙi a tsakiyar fili. Gabanta ƙofa a buɗe har titi. Bayanta kuwa tsibin ɓuntun shinkafa ne, ya kai tsayin ɗaki biyu.

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. "Malam Barau, an ce kai ne ka iya?"

"Ranki ya daɗe, irin wannan ai ko ido a rufe."

"A'a, bar shi a buɗe. Ka kai ta bakin titi ka dawo, in gani."

Barau ya shiga ya kame, ya murza makulli. Mota ta tashi lumui. Ya miƙa ƙafar hagu yana laluben kulochi. Wayam! Ya leƙa ƙasa. Abin takawa biyu ne kacal. Amma bakin bai mutu ba.

"Hajiya, an cuce ki! An sace kulochi tun a kan iyaka!"

Malam Iliya ya ce, "Otomatik ce, Barau. Ba ta da shi. Ita ke canza giyarta da kanta."

"Na sani mana! Gwada ka nake yi."

Ya dubi sandar giya. Babu ɗaya, babu biyu, sai wasu haruffa huɗu a jere: P, R, N, D. Gumi ya fara tsattsafo masa a ƙarƙashin hular aro. Hajiya kuwa ta matso ta leƙo ta taga.

"Ni ma tun jiya nake kallon rubutun nan. Me yake nufi?"

Barau ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya ɗaga harshe yadda na baya za su ji.

"Abu mai sauƙi. P ɗin nan ta Fatakwal ce, in za a yi doguwar tafiya. N ta Nijar ce, saboda rairayi. D, dare. R, rana. Bature ya san aikinsa."

Wani daga cikin 'yan majalisa ya ce, "Allahu Akbar! Ilimi!"

Malam Iliya ya ɗaga hannu. "Barau, dakata, wannan R ɗin..."

"Malam Iliya, kai gyara ka sani, tuƙi namu ne. Ja da baya kada in taka ka."

Ya ja sandar, ta ƙi motsi. Ya ƙara ja, ko gezau. Cikin ruɗewa ƙafar hagun nan mai neman kulochi ta danne birki, sai sandar ta zame, ƙaras, ta faɗa R. Barau ya washe baki ya ɗaga wa jama'a hannu. Ya saki birki, ya take totur har ƙasa.

Vuuum!

Idonsa na kan ƙofa, sai ya ga ƙofar na nisa. Ya ga Hajiya tana ƙanƙancewa. Ya ga 'yan majalisa sun koma kamar kaji.

"Ku tsaya mana! Ina za ku?"

Kafin ya rufe baki, buf! Mota ta shige tsibin ɓuntu da baya har rabi. Tsibin ya yi girgiza, ya rufto gaba ɗaya, yuuu, ta taga, ta kan Barau. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Da ƙyar aka tono shi, aka jawo shi ta ƙafa. Babu hula, babu tabarau. Ɓuntu a gashi, ɓuntu a hanci, ɓuntu har cikin wando. Sai atishawa yake, hatsii, hatsii, yana susar wuya kamar mai ƙazwa.

Hajiya ta riƙe ƙugu. "Malam Barau, titin ke nan?"

"Ranki ya daɗe, hatsii, ba laifina ba ne. Motar daga Amurka ta zo. Can yanzu dare ne. Ba a saita mata agogo ba."

Dariya ta ɓarke har masu ɗaukar buhu suka zube ƙasa. Malam Iliya ya sa aka share ɓuntun, ya kakkaɓe kujera, ya tayar da mota. Ya taka birki, ya sa D. Ta fito sumul, ta je bakin titi ta dawo, ba ko ƙwarzane sai ƙura.

"R ribas ce, Hajiya," in ji shi. "D ita ce gaba."

Barau ya fara sulalewa ta gefen katanga. Hajiya ta kira shi.

"Ina za ka? Ai aiki ka zo nema, kuma ka samu."

Ya tsaya, ido ya yi haske. "Da gaske, ranki ya daɗe?"

Ta nuna masa wani tsohon baro mai lanƙwasasshiyar taya.

"Ga motarka can. Ka kwashe ɓuntun nan da ka watsa, ka mayar inda yake. Amma ka lura da kyau, Malam Barau, ita wannan gaba ake tura ta, dare da rana."