Yadda Za Ka Ara wa Surukarka Inbatar Alhaji, Na'ura Ta Rantse Tana Nan

Ya kai mai riƙe da makullin sito, na san halin da kake ciki. Maigidanka Alhaji Armaya'u, mai sayar da kayan sola a Batsari, ya dawo daga Katsina da wata fitina: 'yan lambobin rediyo da ake manna wa kowace inbata da batir, da wata na'urar hannu mai kama da tocilan. Ya tsaya a bakin ƙofa ya haska, ita kuma ta ƙirga kayan tana "tit, tit", ko kwali bai buɗe ba. Ga shi matarka Sadiƙa ta haifi ɗan fari a gidansu a Safana, surukarka Inno ta aiko tana son inbata, wato akwatin da ke juya wutar batir ya kunna fanka, saboda zafi. Kada ka damu. Bi matakan nan, aikinka zai tsira, mutuncinka a gidan surukai ma zai tsira. Na ɗauki alkawari.

1. Kada ka tambayi Alhaji

Wannan shi ne ginshiƙi. Wanda ya tambaya yana iya jin "a'a", kai kuma ba ka da bakin da za ka kai wa Inno "a'a". Matar da ta kira ka a waya ta ce, "Malam Yusha'u, ai mun ce Allah Ya ba mu suruki mai sito, mai jego ba za ta kwana da mafici ba," ba shawararka take nema ba. Ka ce, "To Inno, in sha Allahu." Gumin da za ka yi bayan nan naka ne.

2. San abokin gabarka

Na'urar nan ba ta da ido, ba ta da wayo. Ba ta san inbata ba, lamba kawai ta sani. Muddin lambar tana cikin sito tana amsawa, to a wurinta kaya sun cika.

Sai dai akwai tarko. Irin lambar da Alhaji ya sayo ta kayan ƙarfe ce, a jikin ƙarfe take da murya. In ka ɓanɓare ta ka manna a kwali ko katako, sai ta koma raɗa, na'ura ta wuce ba ta ji ba. Da yawa sun faɗi a nan. Kai ƙarfe za ka nema.

3. Samo ƙarfe mai nauyi

Faranti ba zai yi ba, don Alhaji yana da ɗabi'ar taɓa kwali da ƙafa yana wucewa. Ranar da ka je barka Safana, yi kamar kana neman buta a bayan madafi. Za ka ga tandar wainar Inno ta ƙarfe, baƙa, mai faɗi, mai nauyin gaske. Naɗe ta a buhu ka ɗaure a bayan babur. Ba sata ba ce, jingina ce da mai kayan ba ta sani ba.

4. Yi musanya

Bari Alhaji ya tafi Azahar. Ɓanɓare lambar a hankali, manna ta a gindin tanda, sa tandar a kwali, toshe gefe da tsumma, liƙe baki da salatif. Inbata kuwa ta bi hanyar Safana cikin buhun gero.

Da Alhaji ya haska na'ura ta yi "tit", kada ka yi murmushi. Ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan abu ai ya fi mutum amana." Zai ji daɗi, don shi ya sayo.

5. Toshe kunnenka

Sadiƙa za ta kira ka ta ce, "Wallahi gidan nan ba lafiya. Tandar Inno ta ɓace, ga suna ya zo, ta ce Hansatu maƙwabciya ce ta ɗauke, har sun daina gaisawa." Ka ce, "Subhanallahi, mutane ba tsoron Allah." Sannan ka tambayi lafiyar jariri. Zumuncin shekaru ne ya tsinke, na sani, amma fanka tana juyawa, kuma ba a samun komai kyauta.

6. Ranar suna

Ga inda ɗalibaina suke rikicewa, saboda haka ka natsu. Kana zaune a zaure ana rabon goro, sai ka ga motar Alhaji ta tsaya. Ba ka gayyace shi da gaske ba, ka dai faɗa ne don cika baki, amma ya zo. Bayan addu'a zai sa a sauko da wani kwali, kuma za ka gane salatif ɗin hannunka tun daga nesa.

Zai ce a kira Inno bakin zaure. "Hajiya, yaron nan yana riƙe min amana. Zafin bana ya yi yawa, ga wannan a sa wa mai jego."

Inno za ta ce, "Ayya Alhaji, ai Malam Yusha'u ya riga ya kawo mana wata." Kafin kowa ya tauna maganar, an yanka salatif.

"La ilaha illallahu! Tandata!"

Sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, kunya hakkinka ce, wasu za su ɗauka ita ke damunka. Hansatu, wadda ta leƙo ta katanga, ba za ta ɗauka haka ba.

7. Miƙa abin da aka nema

Alhaji ba zai yi faɗa a gidan surukanka ba, mutumin kirki ne, abin da ya fi ciwo ke nan. Zai jawo ka gefe ya ce, "Inbata dai dama taku ce, da ka tambaya da tuni na ba ka. Makullin sito kawai za ka ba ni." Ciro shi daga aljihu, ka miƙa da hannu biyu.

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai taɓa riƙe sito ba, bai san Inno ba, kuma ba ya zuwa sasanta maƙwabta. Alkawarin da ya ɗauka a sama na yaudarar na'ura ne kawai, ita kuwa har yanzu ba ta gane komai ba. Wanda ya rasa aiki ya nemi wani, amma kada ya ce ni na aike shi.