Rasuwar Tiyub ɗin Tayar Baya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai sauka ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan tsere rasuwar Tiyub ɗin Tayar Baya na kekena, wanda ya cika ranar Asabar da hantsi a rumfar mai faci, bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya shigo gidanmu ne a cikin keken da Yaya ya bar mini lokacin da ciwon gwiwa ya raba shi da tsere. Mai haƙuri ne, mai riƙe iska kamar amana. A ɓoye ya yi aikinsa cikin taya, yana ɗauke da nauyina, wanda iyalina ke cewa kullum ƙaruwa yake. Jikinsa duk faci ne, kuma yawancinsu Yaya ne ya liƙa da hannunsa a tsakar gida, da sholisho da guntun samfefa. Idan ya ji ciwo ba ya fashewa ya kunyata ni a gaban jama'a. Sai dai ya ce "tsss" a hankali, ya lallaɓa ya kai ni ƙofar gida.

Ajalinsa ya zo ta hannun kafintan layinmu, wanda ke sharo ƙusoshi daga shagonsa ya watsa kan kwalta. Na sha yi masa magana. Amsarsa kullum ita ce, "Maƙwabci, titin na gidanku ne?" Ranar da abin zai faru, wata ƙusa mai tsatsa ta shiga marigayin dab da bawul, wato bakin da ake ba shi iska. A kafaɗa na ɗauko keken. Mai faci ya tsoma tiyub ɗin a ruwa, kumfa ta taso, ya girgiza kai. Ya ce, "Yallaɓai, babu sauran wurin liƙa faci. Ka koma tubles kawai, taya marar tiyub. Ruwan gam ake zuba mata, ko ƙusa ta shiga shi zai toshe."

Na yarda ne don abokan tsere na jirana washegari. Na tafi neman sabon bawul da ya ce tubles na buƙata, na bar gawar a kan bencinsa. Kafin in dawo ya yayyanka ta da almakashi, ya miƙa wa kafintan nan dai don ya ɗaure katako a bayan babur. Ina tsaye ya wuce ni yana danna oda, facin Yaya na lilo a bayansa. Har hannu ya ɗaga mini.

Marigayin ya bar ƙanensa, Tiyub ɗin Tayar Gaba, wanda aka yi wa ritayar dole a rana guda, yanzu yana rataye bayan ƙofa. Ya bar amininsa Famfon Hannu, da gwangwanin sholisho da ya bushe don takaici. Ya kuma bar Yaya, wanda har yau na kasa gaya masa.

Magajinsa ya kama aiki. Ban ce ina son sa ba, amma na fara gane halinsa. A fitarmu ta farko ƙusa ta huda shi, sai ya yi ta fesa wani farin ruwa mai danƙo, tun daga wandona har bangon mutane, kafin ya toshe. Ruwan nan idan ya bushe a jikin abu, sai an kankare da wuƙa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa. Abin da ya rage na marigayin, wato bawul da guntun roba da na tsinta a ƙarƙashin benci, za a binne su a gindin bangon gidanmu. Ba a gayyaci mai faci ba, kuma kada wani ya karɓo gaisuwarsa.

Abokan tsere, waɗanda duk kun riga ni komawa tubles, ku za ku raka gawa. Kowa ya ƙara sabon ruwa a tayarsa, ya ba ta iska sosai. Za mu bi ta ƙofar shagon kafinta da hantsi, daidai lokacin da yake jera kujerun mutane da ya shafa wa fenti a bakin titi su sha iska. A tafi a hankali, a layi, kusa da kujerun. Kada kowa ya kauce wa ƙusa. Wanda tayarsa ba ta huje a zagayen farko ba, ya juyo ya sake bi.