Takalmin Tagulla a Cikin Roba

"Sannu da gida, mai gadin takarda! Kana nan da ranka, ko ɓeraye sun yi maka juyin mulki?"

"Wa nake ji kamar Zelma? Sauko ki rufe mini ƙofa, sanyi na shigowa. Ko da yake tun da kika iso ai babbar masifar ta riga ta shigo."

Cleon ke nan, ɗan kawuna, abokin wasana tun muna cin ƙasa. Ranar Asabar ce, dusar ƙanƙara ta lulluɓe Detroit har ba ka bambance motar mutum da kabarinsa. Na same shi a ɗakin ƙarƙashin gida, inda ya jibge tsofaffin littattafan jarumai na zane cikin kwalaye har rufi. In aka shimfiɗa su sai sun kai Kanada sun dawo. Mutumin nan ya yi ritaya daga masana'antar mota, matarsa Bernice ta rasu, gemu ya yi fari fat, amma har yau ba shi da hira sai ta ƙarti masu sa ɗan kamfai a kan wando suna tashi sama. Da safe ya bugo mini waya wai in kawo masa farar safar hannuna, wadda nake sawa ran Lahadi in ina nuna wa mutane wurin zama a coci.

Na ce, "Ga safar. Wa ya mutu? In gawa za ka ɗauka faɗa mini in koma in sako baƙaƙen kaya."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Matso ki ga abin da kaf zuriyar Gwaggo ba wanda ya taɓa gani."

Ya jawo wani abu daga aljihun tebur kamar mai ɗaga jariri. Roba ce mai tauri, garai-garai, an liƙe ta ko'ina, ga ɗan siririn littafi kwance a ciki. Ina ganin bangon na gane shi.

"Kai! Ba Takalmin Tagulla ba ne wannan? Ɗan iskan da ya hana mu barci muna yara?"

"Shi ne. Fitowa ta ƙarshe. Waɗanda suka rage a duniya ba su cika hannu biyu ba."

Duk danginmu sun san wannan ciwon. Muna yara Cleon yakan tsinci kwalaben lemo ya mayar kanti, ya sayi littafin jarumin nan mai tsallake benaye da takalminsa. Wata rana labarin ya tsaya a inda mugu Farfesa Tsatsa ya cire masa takalmin, ya ɗaure shi da sarƙa cikin tanki, ruwa ya kawo masa iya wuya. Ci gaban bai taɓa isowa kantin unguwarmu ba. Kamfanin ne ya karye, kaɗan suka buga. Tun daga ranar Cleon ke farautar wannan fitowar, kasuwa-kasuwa, gari-gari. Kuma duk wanda ya buɗe baki zai gaya masa ƙarshen, sai ya toshe kunnuwa ya ruga. Da idona na ga ya bangaje wata tsohuwa mai sanda a wajen baje kolin littattafai saboda haka.

Na ce, "To madalla, mai nema yana tare da samu. Ya fita daga tankin?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba kamar yaya?"

"Ban buɗe ba. Ke ba ki ga tambarin masu tantancewa ba? Sun duba shi shafi-shafi, sun ba shi maki mai tsoka, sun rufe. Ranar da aka fasa robar nan shaidar ta tashi, darajar ta zube."

"Tsaya in fahimta, don ka san bokona bai yi nisa ba. Ka sayi littafi."

"Na saya."

"Wanda ba a karantawa."

"Ba littafi ba ne kawai, kadara ce."

"Ni ma gobe zan soya maka kifi in liƙe shi a roba, in ba shi maki, ka zauna kana kallonsa har yunwa ta kai ka wurin Bernice. Cleon, shekara hamsin da ɗoriya bawan Allah yana cikin ruwa! Ai yanzu ya zama kifi, ya yi aure a can, har da jikoki."

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wadda aka kora daga makaranta saboda surutu me ta sani game da kayan tarihi?"

"Ba kora ta aka yi ba, malaman ne suka ga na fi su. Kai da ka gama, ga inda ilimin ya kai ka, kana gadin roba a rami. Yaushe ya iso?"

"Lokacin da ganye ya fara zuba."

"Tun kaka? Yau muna tsakiyar hunturu! To me kake yi da shi kullum?"

"Ina goge shi."

"Allah ya jiƙan hankali, ya yi zamani a gidan Kawu. Da me ma ka saya? Kuɗin fanshonka ko kyanwa ba za su riƙe ba."

"Na sayar da motar."

Doguwar motar nan ce shuɗiya, wadda ya haɗa irinta da hannunsa a masana'anta, wadda ya ɗauko Bernice a ciki ranar aurensu. Ni dai na ga garejin a rufe, na ɗauka saboda ƙanƙara ne.

"Motar Bernice? Wadda kai da ita kuka hana ni shiga da biredin masara a hannu? Ka ba da ita don takarda?"

"Me zan yi da mota, Zelma?"

"Tuƙi mana! Ko cinta ake yi?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sun karɓe lasisina. Ciwon sukarin nan ya hau ido. Likita ya ce kafin ƙanƙarar nan ta narke, ko allon talla na bakin titi ba zan iya karantawa ba."

Sai a lokacin na lura da kofin shayin da ya ajiye a kan gefen tebur, rabi a sama rabi a iska. Na tura shi ciki. Amma in na yi shiru da yawa zai san na tausaya masa, shi kuwa gara ka mare shi.

Na ce, "Ashe shi ya sa ran Lahadi ka ce na yi kyau."

"Ai tun ranar na san abin ya yi tsanani."

"Ashe don ka buɗe shi ka ce in kawo safar. To miƙo sukudireba, mu fasa robar."

"Tsaya tukuna! Na fasa. Tun safe nake ta tunani. Wannan ne kaɗai abin kirki da zan bar wa 'yata. A bar kaza cikin gashinta."

"Kazar da ba a fige ba ai ba a ci. 'Yarka likitar haƙori ce, gidanta ya ninka naka uku, ba ta jiran gadon wani ƙato mai ɗan kamfai. Ka aiko ni cikin wannan sanyin da safar coci, yanzu ka ce ka fasa? Ko ka buɗe, ko in zauna a kai. Ka san nauyina."

"Na sani. Kujerar Kaka Odessa ma ta sani, Allah ya ji ƙanta."

"Kakar ko kujerar?"

"Duka biyun."

Ya sa safar, yatsunsa sun yi mata yawa har ɗinki yana kuka. Ya lalubi gefen robar, ya cusa sukudireba. Sau biyu yana janye hannu. A na uku muka ji ƙas! Na rantse har kwalayen ɗakin sai da suka yi ajiyar zuciya. Ƙamshin tsohuwar takarda ya tashi, irin na kantin unguwarmu sak.

Ya buɗe shafin farko. Ya kawo shi kusa da hanci. Ya nesanta shi. Ya ɗauko gilashin ƙara girman rubutu, ya jawo fitila, ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Ya daɗe a haka.

Can ya ce, "Ina ganin ja. Ina ganin shuɗi, ruwan ne ina tsammani. Rubutun kuwa tururuwa ce kawai." Ya ajiye gilashin. "Ranar da ya iso, Zelma, ina iya karanta takardar da aka naɗo shi a ciki. Har ƙananan haruffan. Na zauna ina goge roba."

"Da na sani ƙeya ce, ɗan Kawu. Ciro safar ka ba ni, ka gyara zama."

Na karanta masa. Jarumin bai ɓata lokaci ba, a shafi na biyu ya tsinke sarƙar da wani ƙarfe da ya ɓoye a haƙori. Cleon ya daki tebur ya ce, "Na faɗa! Na faɗa wa yaran layinmu, suka ƙaryata ni!" Aka bi Farfesa Tsatsa ta rami, ta kan jirgin ƙasa, har ƙololuwar wani dogon bene, jarumi ba takalmi, ƙafa duk jini. Cleon ya lumshe ido, baki a buɗe, kamar yaron nan mai tsintar kwalabe.

Na juya shafin ƙarshe. Farfesa ya hankaɗo shi daga saman benen. Ga shi nan a iska, hannuwa a baje, takalmin yana can sama a hannun mugu. A ƙasa an rubuta wai a nemi fitowa ta gaba. Fitowar da ba a taɓa bugawa ba.

"Ci gaba mana! Kin tsaya haɗiyar yawu?"

Na dubi fuskarsa. Na gyara murya.

"To, yana cikin faɗowa, sai ga wata mota shuɗiya, doguwa, ta taho a guje. Ya faɗa kujerar baya, lafiya lau, ko ƙwarzane babu."

"Mota shuɗiya."

"Shuɗiya shar. Farfesa ya sauko zai gudu, sai ya yi kiciɓis da kakar jarumin a bakin ƙofa, da kaskon suya a hannu. Ta ɗaga ta sauke masa a ƙeya, ƙarar har Chicago. Tsatsar jikinsa ta zube kamar garin barkono. Ta ce, cire takalmin jikana, ɗan banza, ba a shigo mini gida da takalmi."

"Kakar tana da suna?"

"Ba su rubuta ba. Amma wadda ta tuƙo motar 'yar gwaggonsa ce, kyakkyawa ta ƙin ƙarawa, ga ilimi. Har magajin gari ya durƙusa yana neman aurenta, ta ce sai ta yi shawara."

"Tana da giɓi a haƙoran gaba?"

"Wushirya ce, makaho!"

"Zelma."

"Na'am."

"Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Tun da motar nan ta shigo ban ji kin juya shafi ba. Duk wannan a shafi ɗaya?"

"Ƙananan zane ne."

"Faɗa mini gaskiya. Na biya kuɗinta da mota."

Na faɗa masa. Sai kafaɗunsa suka soma rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake ruwan da ke bin gemunsa bai san bambancin ba.

"Na bar shi cikin ruwa tun ina yaro, na sayar da motar matata na ciro shi, don kawai in rataye shi a sama! Gara ma tankin, aƙalla yana da wurin jingina."

"Ai shi ya sa na aika masa mota."

"Kin ci, 'yar Gwaggo. Yau kam kin ci. Tun da nake ban taɓa jin ƙaryarki ta yi amfani ba sai yau." Ya lalubo littafin ya turo mini. "Riƙe, naki ne."

"Sai da darajarsa ta zube za ka ba ni?"

"Ai shi ya sa. Ya yi daidai da ke." Ya goge ido da bayan hannu, ya jingina, ya sake lumshe su. "Amma kafin ki tafi, koma wurin da motar ta shawo kwana. Wa kika ce yana kujerar gaba, kusa da direba?"

Ban ce akwai kowa ba. Na buɗe shafin, na ɗora yatsa a kan farar iskar da ke ƙarƙashin jarumin.

Na ce, "Wata mata ce da hular coci mai fure. Tana ta faɗa wai an shigo mata mota da biredin masara."

Ya ce, "Ita ce, Bernice ce sak. Karanta a hankali."